Sa hannun da na yi a madadin ƙanena

Ƙanena ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, nan cikin Gombe. Yakan sayi wake da masara a kasuwannin Kumo da Dukku da wajen Bajoga, ya tara a sito, ya sayar wa masu lodin Kudu. Mutum ne mai lissafi, ko cefanen gidansa a rubuce yake. Shi ya sa da ya fara rabon kuɗi a ƙofar masallaci a kakar 2023, babu wanda ya kawo ciwo a ransa. Hatsi ya yi tsada bayan cire tallafin mai, 'yan kasuwa sun samu, muka ce godiyar Allah yake yi.

Sai barci ya ƙaurace masa. Ya kwana yana zuba magana, gari ya waye ya fita da ƙarfinsa kamar wanda ya yi barcin kirki. Ya ce zai sayi tireloli, zai gina makarantar marayu, gwamna ma yana nemansa a waya. Ya sayar da filinsa na Tumfure a kan kuɗin da bai kai rabin darajarsa ba. Ranar da matarsa ta ɓoye makullin babur ɗinsa, ya sake ta saki uku a gaban mahaifiyarta. Kwana kaɗan bayan haka ya ɗauki ma'auni ya kwaɗa wa wani ɗan dako a ka, a tsakiyar kasuwa, wai ya yi masa kallon raini. 'Yan sanda suka tafi da shi, sai da dattawan kasuwa suka sa baki aka ba mu belinsa.

Mahaifinmu ya rasu, Baffa ne babba. A daren nan aka zauna a zauren gidansa. Shi Baffa bai ga wani abin muhawara ba: yaro ya samu, 'yan uwansa 'yan kasuwa sun yi masa sammu, kuma akwai wani malami a wani ƙauye da ke da ɗakuna na irin waɗannan, a kai shi kafin asuba. Na tambaya ko ana sa mari a wurin. Ya ce, “To da me za a riƙe shi? Da addu'arka?”

Ban manta hotunan da suka fito daga Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida, wasu da sarƙa a ƙafa, da kuma na Daura da suka biyo baya a watan Oktoba. Na faɗi haka, Baffa ya ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Inna ce ta raba gardamar daga bayan labule. Ta ce ita ba ta san asibiti ba, ba ta san malam ba, amma ƙarfe ba zai taɓa ƙafar ɗanta ba tana raye. Aka tsaya a kan asibiti, da sharaɗin ba za a hana rubutu da ruƙiyya ba.

Ba na cikin masu yi wa irin su Baffa dariya. Gidan malam yana karɓar mutum da tsakar dare, babu yankar kati, babu kuɗin gado, ana iya biya da buhun gero bayan kaka. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Asibitocin tarayya na musamman kuwa suna can nesa da mu, irin su na Maiduguri da Kaduna. Wanda ke ƙauye da ɗa mai fasa ƙofa, ba mugunta ce kaɗai ke sa shi neman sarƙa ba.

Kai shi asibitin ma sai da dabara. Na ce masa hawan jinin Inna ya tashi, ya zo ya raka mu tunda shi ne mai kuɗi yanzu. Ya shiga mota yana ta ba direba labarin tirelolinsa. Har yau yana riƙe da wannan a ransa, ni kuma har yau ban ga wata hanyar da ba ta da igiya a ciki ba.

Likitan da ya fara ganinsa matashi ne. Ya saurari bayanina a tsaye, sannan ya ce mu fita duka, yana so ya gana da shi shi kaɗai. Wannan ya ba ni mamaki, don a ganina wanda hankalinsa ya gushe me za a tambaye shi? Sun daɗe a ciki. Da aka kira ni, abin da likitan ya fara yi shi ne warware ƙaryata. Ya dube shi ya ce, “Ba don Inna aka zo ba, don kai aka zo. Ni likita ne, ina ganin ba ka da lafiya, kuma ina so ka kwanta a nan a ba ka magani. Ka yarda?” Ƙanena ya juyo ya kalle ni ya ce, “Hamma, kai ne?” Sannan ya ce wa likita shi lafiyarsa ƙalau, a buɗe masa ƙofa.

Likitan ya kira babbansa, shi ma ya duba shi da kansa. Daga nan suka zaunar da ni suka yi mini bayanin abin da zai sa su riƙe mutum alhali ya ce ba ya so. Ba don danginsa sun gaji da shi ba, ba don yana ɓarnar kuɗi ba, ba kuma don yana faɗin abin da ba ya kan hanya ba. Sai in akwai ciwo a bayyane, ciwon ya hana shi gane halin da yake ciki, akwai haɗari a kansa ko a kan wasu, kuma babu wata hanya mai sauƙi da za ta wadatar. Babban likitan ya ce da ba don ɗan dakon da aka fasa wa kai ba, da rashin barcin da ya kai inda ya kai, da sai su ba mu magani mu koma gida mu dawo. Sunan ciwon baifola: lokaci ya zo mutum ya yi sama ya ƙi sauka, wani lokacin kuma ya faɗa cikin baƙin cikin da ko tashi daga shimfiɗa ba ya iya yi.

Aka miƙo takarda. Na karanta ta a tsanake domin hannuna na rawa. Ta ce ni ne na kawo shi, an yi mini bayani, na amince a kwantar da shi a yi masa magani, zan ɗauki nauyin kuɗi, kuma wani daga dangi zai zauna jinya. Na tambaya me ya sa ba Baffa ba, shi ne babba. Nas ɗin ta ce a ƙa'ida matarsa ce ta fi kusa, sai iyaye, sai 'yan uwa. Matar tana gidan ubanta da saki uku a kanta, Inna ba ta iya karatu kuma kuka ya ci ƙarfinta. Na sa hannu, na rubuta lambar wayata.

Abin da ya biyo baya ba ya daɗin faɗi. Maza huɗu suka riƙe shi aka yi masa allura. Da ya ci gaba da fizge-fizge, aka ɗaure hannayensa da ƙafafunsa a jikin gado da ƙyalle mai faɗi. Baffa yana tsaye a bakin ƙofa, ya juyo gare ni a hankali ya ce, “To ɗan boko, mene ne bambancin wannan da marin malam?”

Ban ba shi amsa a lokacin ba, kuma tambayar ba ta banza ba ce. Abin da na gani da idona dai shi ne: nas ta rubuta lokacin da aka ɗaure shi da dalili da sunan likitan da ya ba da umarni. Tana zuwa a kai a kai tana taɓa yatsunsa ta ga ko jini na gudana, tana auna numfashi. Da allurar ta kama shi aka kwance, kafin la'asar. Ɗaurin yana da farko da ƙarshe, kuma akwai wanda za a kama da suna in wani abu ya faru. Wanda aka sa wa mari a ɗakin bayan gida, wa ya rubuta ranar da aka sa, wa zai ce yau a cire? Amma ga shi wanda ke kwance a gadon, ɗauri ɗauri ne. Da ya warke ya gaya mini ba abin da ya fi tsaya masa a rai kamar ganin ƙafafuna a tsaye kusa da gadon ban ce a bari ba.

Akwai wata jami'a mai kula da walwalar marasa lafiya a sashen, ita ta fara gaya mini cewa duk wannan yana da doka. Wani abokina lauya ya ƙara mini bayani. Tun 1916 Turawan mulki suka kafa dokar mahaukata, aka sake mata fasali a 1958, kuma ita aka yi ta amfani da ita shekara da shekaru bayan 'yancin kai. Tsohuwar dokar ba magani ne a gabanta ba, tsarewa ce: likita da majistare su tabbatar mutum mahaukaci ne, a kulle shi. Shi ya sa aka daɗe ana samun masu taɓin hankali a gidajen yari ba tare da sun yi laifin komai ba. Sai a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ke ɗauke da shekarar 2021 a sunanta. Ta soke tsohuwar, ta ce mai wannan ciwo yana da haƙƙin a mutunta shi, a sanar da shi maganin da ake ba shi, a sa shi cikin shawara, kar a nuna masa wariya a aiki ko muhalli. Ta hana ɗaure mutum da sarƙa. Ba ta hana kwantar da mutum ba da son ransa ba, ta dai gindaya sharuɗɗa. Lauyan ya ce kar in ɗauka sa hannun Abuja ya isa: harkar lafiya jihohi ma suna da hannu a ciki, kuma doka ba ta sayen gado ko biyan albashin nas. Yawancin masu jinyar da muka zauna da su a barandar sashen ba su taɓa jin labarinta ba.

Ni da wani ɗan Goggonmu muka riƙa karɓa-karɓa. Malamin unguwarmu yana zuwa da yamma ya yi masa tofi, likitoci ba su hana ba. Sharaɗinsu biyu ne: babu duka, babu wani jiƙo ko hayaƙi sai sun gani. Babban likitan ya ce wannan ba sabon abu ba ne a Najeriya, tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, har yana aiki da masu maganin gargajiya. Baffa ya ji daɗin wannan labari fiye da yadda na zata.

Maganin farko ya ba shi wahala. Wuyansa ya sandare, harshe ya yi nauyi, yawu na zuba, hannu na karkarwa. Inna ta gani ta ce an ƙara masa ciwo. Aka ba shi wata ƙwaya mai warware wannan, aka rage adadin na farkon, daga baya aka canza shi gaba ɗaya. Barci ya fara dawowa, maganar tireloli ta ragu, wata safiya ya tambaye ni nawa ake sayar da buhun wake a kasuwa.

Daga nan ne abu ya juya mini. Ni da na saba likita ya zo zagaye ya dube ni ya ce “ya ya kwana?”, sai na ga an koma tambayarsa shi. Wata rana ma aka ce in ɗan ba su wuri. Na fita raina a ɓace. Ni na sa hannu, ni nake biyan kuɗin magani, ni nake kwana a kan tabarma sauro na cizo, yanzu kuma ni ne bare? Da na yi wa babban likitan ƙorafi, ya ce sa hannuna na ranar da ba ya iya yanke wa kansa hukunci ne. Yanzu yana fahimtar bayani, yana riƙe shi, yana auna amfani da illa, yana faɗin zaɓinsa, to magana ta koma hannunsa. Ya ƙara da cewa ba a yi wa hankali kuɗin goro: mutum yana iya kasa sarrafa miliyoyin kasuwa a wannan makon, amma ya iya zaɓar maganin da zai sha.

Haka kuwa aka yi. Aka shimfiɗa masa magunguna biyu na riƙe ciwon kar ya dawo. Ɗaya, litiyam, yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, kuma yana da haɗari in ruwan jiki ya ƙare, ga shi mutumin da ke yini a rana a kasuwar ƙauye. Ɗayan yana sa ƙiba kuma ana lura da hanta. Ya zaɓi na biyun, ya sa hannu da kansa a sabuwar takarda cewa ya amince ya ci gaba da zama har a sallame shi. Ni ban so wannan zaɓin ba, don na ji ana yabon na farkon. Ba a tambaye ni ba.

Sai maganar sirri, wadda a wurinmu ita ce mafi wuya, domin mu ciwon mutum na dangi ne da unguwa. An yi masa gwajin fitsari na ƙwayoyi tun ranar farko, kamar yadda ake yi wa kusan duk matashin da aka kawo. Baffa ya matsa a gaya masa sakamako, likita ya ce ya tambayi mai shi. Abokin cinikinsa na kasuwa, wanda suke da kuɗi a tsakani, ya zo da lemo da ayaba, ya zagaya wurin nas yana tambaya ko irin wannan ana warkewa. Ta ce masa ita ba ta san wanda yake magana a kai ba. Surukinsa ma ya aiko a tambayo masa. Duk amsa ɗaya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin mara lafiya sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutacciyar yardarsa, ko umarnin kotu, ko inda doka ta wajabta. Asibiti ya riƙe nasa. Mu ne ba mu riƙe namu ba: tun ranar kasuwa wani yaro ya ɗauki bidiyonsa yana ihu riga a yage, ya zagaya WhatsApp har ya dawo wayar Inna.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani saurayi da mahaifiyarsa ke jinya. Sai da muka saba ta gaya mini, murya ƙasa-ƙasa, cewa yunƙurin halaka kansa ya yi, kuma sun ɓoye shi a gida kwana da kwanaki kafin su kawo shi, don tsoron kar hukuma ta shigo. Tsoronta yana da tushe. Sashe na 231 na kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A Kudu ma sashe na 327 na nasu kundin ya tanadi ɗaurin shekara guda. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna neman a cire wannan. Ni dai ban ga abin da kurkuku zai ƙara wa yaron nan ba, wanda ko ɗaga kai ya dubi uwarsa ba ya iya yi.

Bayan sallama aka shiga gyaran ɓarna. Na ɗan dako muka fara. Ni na ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda sashe na 51 na Penal Code ya ce babu laifi a kan wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa ko sanin cewa ba daidai ba ne. Lauyan ya ce in yi hattara. Wanda kotu ta wanke da hujjar hauka ba lallai ya tafi gida ba, ana iya ba da umarnin a tsare shi a wurin da hukuma ta ga dama, kuma fitowa daga irin wannan tsarewar ta fi shiga wuya. Muka bi ta hannun shugabannin kasuwa. Ƙanena ya je da ƙafarsa ya ba mutumin haƙuri, aka biya kuɗin ɗinki da na kwanakin da bai yi aiki ba, ya janye ƙara.

Maganar aure ce ta kai mu gaban alƙali. Surukin ya tsaya a kan cewa saki uku ya auku a gaban shaida, 'yarsa ta haramta. Mu muka ce ba a cikin hankalinsa ya furta ba. Kotu ta nemi takardar likita. Na je karɓa, aka ce ba ni za a ba ba, sai shi ya rubuta cewa ya yarda, ko kotu ta aiko da umarni. Ya yi kwanaki yana juya abin. Takardar da za ta dawo masa da matarsa ita ce kuma za ta sa a karanta sunansa da kalmar taɓin hankali a bainar jama'a, a garin da kowa ya san kowa, ga mutumin da jarinsa amana ce. A ƙarshe ya rubuta.

Abin da likitan ya rubuta gajere ne ƙwarai, har na ji haushi. Ranar da aka kwantar da shi, sunan ciwon, cewa alamun da aka gani sun yi daidai da ciwon da ya ɗauki makonni yana ci, cewa irin wannan hali yana gusar da ikon auna al'amura, da cewa yanzu ya samu sauƙi yana shan magani. Na ce ya ƙara cewa a daren sakin ba ya cikin hankalinsa. Ya ce bai gan shi a daren ba, ba zai yi shaidar abin da bai gani ba, wannan aikin shaidu ne da alƙali. Bai kuma saka sakamakon gwaje-gwaje ko abin da suka tattauna su biyu ba, ya ce kotu ba ta tambayi wannan ba.

Alƙalin dattijo ne mai haƙuri. Ya saurari maƙwabta biyu da suka ga halin da yake ciki a makon, ya saurari uwar matar, wadda ta faɗi gaskiya cewa idanunsa a ranar ba nasa ba ne. Ya kawo hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Ya yanke cewa sakin bai auku ba. Amma bai tsaya nan ba, ya juya ga matar. Ya ce a mazhabar Malikiyya ita ma tana da haƙƙi: in miji ya samu taɓin hankali, mace tana iya neman a raba, sai a ba shi shekara guda ta magani, in bai warke ba a ba ta zaɓi. Ya tambaye ta ita da bakinta, ba ubanta ba, ba mu ba. Ta ce za ta koma, da sharaɗin za a riƙa sanar da ita maganinsa da ranar ganin likita, kuma in ya daina sha za ta tafi gida da 'ya'yanta har sai ya koma. Aka rubuta. Ni a raina na ce duk zaman nan ba wanda ya yi magana mai ma'ana kamar tata.

Fili kuwa ba mu kai shi kotu ba. Malamai sun ce cinikin wanda hankalinsa ya gushe bai ƙullu ba, lauya ya ce haka ne, amma shari'ar fili a cikin gari tana iya cin shekaru da kuɗin da ya fi filin. Mai unguwa ya shiga tsakani. Mai sayen ya ce shi bai ga alamar komai ba, alhali duk Tudun Hatsi ta gani. Aka daidaita ya ƙara wani abu a kan kuɗin, filin ya tafi.

Saura makullan sito da katin banki da littafin bashi, waɗanda ke hannuna tun ranar asibiti. Baffa ya ce kar in mayar, a riƙa ba shi na cefane kawai, aƙalla shekara biyu. Goggo ta goyi bayansa. Gaskiya ni ma zuciyata ta karkata can, don na ga yadda dukiyar shekara goma ta narke a wata guda. Na je wurin malamin da ya yi masa tofi, ina tsammanin zai ƙarfafa mu. Sai ya ɗauko Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, ya nuna mini farkon babin hajru, inda aka ce hana mai taɓin hankali sarrafa dukiyarsa yana nan ne zuwa lokacin da ya farfaɗo. Ya ce, “Ya farfaɗo ko bai farfaɗo ba?” Na ce likita ya ce ya farfaɗo, amma ciwon yana iya dawowa. Ya ce, “In ya dawo, hukuncin ya dawo. Yau dai dukiyarsa ce, kai kuma ajiya aka ba ka.”

Na mayar masa da komai a gaban Inna, da lissafin abin da na kashe a rubuce. Ya bi shi layi-layi, ya gano na manta kuɗin mota na wata rana, ya ƙara da biro.

Shawarar rubuta takarda ta jami'ar walwalar ce, amma shi ya zauna ya tsara abinsa. Ya rubuta cewa in aka ga ya kwana uku bai yi barci ba, ko ya fara kyautar da ta wuce ƙima, matarsa ta kira ni. A gaya masa gaskiya cewa asibiti za a je, ko zai yi faɗa, kar a sake yi masa ƙarya da sunan Inna. In ya ƙi, ya yarda a kai shi da ƙarfi, asibiti kawai, ba wani wuri ba. Kar a sake ba shi maganin farko da ya sandarar masa da wuya in akwai wani. Katin banki ya koma hannun matarsa, makullan sito hannuna, kuma duk cinikin da ya haura buhu ashirin a wannan hali a dakatar da shi. Ranar da likita ya ce ya dawo daidai, a mayar masa da kayansa a cikin mako. Lauyan ya duba ya ce ko ba ta ɗaure kotu ba, hujja ce mai ƙarfi ta abin da mutum yake so lokacin da yake cikin hankalinsa, kuma likita zai yi la'akari da ita.

Ni da matarsa da malamin muka sa hannu a matsayin shaidu, aka kai kwafi ɗaya asibiti aka saka a fayil ɗinsa. Baffa ya ƙi sa nasa saboda layin da ya ce asibiti kawai. Ƙanena ya ce ba zai goge layin ba, aka bar gurbin Baffa babu komai.